Allurar da Aka Yi wa Rediyon Inna

Maigidana magani yake sayarwa, amma babbar cutarsa ita ce gyaran abin da ba a sa shi ba. Agogon bangonmu da fankar maƙwabta duk sun ɗanɗana hannunsa. Ranar da Inna, mahaifiyata, ta dawo zama da mu, tun ba a sauke katifarta ba ya ƙyalla ido ya ga rediyonta.

Tsohon rediyo ne na katako, mai kwalabe a ciki, wanda sai ya ɗauki ɗumi kafin ya buɗe baki. In ya buɗe kuwa, duk mai magana a ciki da dusasshiyar murya yake yi, ta hanci, kamar mai tsohuwar mura. Haka Babana yake magana har ya koma ga Allah. Kullum da hantsi Inna takan kunna shi ta zauna tana masa musu. Mai labarai ya ce za a yi ruwa, ita kuma ta ce, "Ƙarya kake, kai da ko inda takalminka yake ba ka sani ba." Maigida bai riski Baba ba, shi dai kunnensa kawai muryar take ci.

Ran da Inna ta je duba ƙanena, na fito daga wanka na tarar da rediyo a kan teburin cin abinci, an kwance masa baya. Maigida ya miƙo min tafin hannunsa, da wani ɗan ƙarfe kamar maɓallin riga.

"Kin ga mai laifin. Ɗan batiri ne. Ba ya kunna komai, aikinsa kawai ya riƙe wa kwalba linzami don murya ta fita sumul. Ruwan cikinsa ne ya bushe."

"Mayar da shi yadda ka gan shi," na ce.

Ina! Ya riga ya huda shi, ya ɗauko sirinji daga shago ya ɗiga masa ruwa, ya toshe hujin da jan farcena, ya mayar da shi cikin rediyon. Da rediyo ya yi ɗumi sai ga murya tangaran, ta wani saurayi mai ƙoshin lafiya. Maigida har da taka rawa.

Washegari Inna ta kunna. Ta saurara, ta karkata kai.

"Wane ne wannan?"

"Inna, gyara miki shi na yi."

"Wa ya ce maka ba shi da lafiya?"

Ta kashe, ta lulluɓe shi da mayafi, ta shige ɗaki. Daga ranar babu musu, babu tsaki. Abinci yadda na kai haka nake ɗaukowa. Matar da ko ƙuda ba ya wucewa ba ta tanka masa ba ta koma kallon bango. Tsoro ya kama ni sosai, na tare maigida a ƙofar banɗaki na gaya masa muryar wa ya kora, na ce yadda ya tayar da ɗan batirin nan haka zai kashe shi.

Ashe kashewar ta fi wuya. Ya cire batirin gaba ɗaya, rediyo ya kama gurnani. Ya sa mataccen batirin agogo, murya ta fito kamar ta akuya, Inna daga ɗaki ta ce, "Ba shi ba ne." Sai ya kankare jan farcen, ya shanya batirin a bakin taga, ya ɗora shi kan murfin tukunya, har dutsen guga ya kifa masa, yana ƙunƙuni wai abin da ya yi shekara da shekaru yana mutuwa ake so ya ƙarasa a mako guda. Ban ji tausayinsa ba ko kaɗan.

Wani hantsi ya mayar da shi ya kunna. Kwalabe suka yi ja, rediyo ya yi kaki, sai ga dusasshiyar muryar nan ta hanci tana cewa gobe za a yi zafi. Ni kaina sai da na waiwaya neman Baba.

Inna ta fito tana dafa bango, ta ja kujerarta ta zauna. Ba ta kalli kowa ba. Ta goge saman katakon da gefen zaninta, a hankali.

"Sau biyu ke nan kana tafiya ba sallama," ta ce wa rediyon. "Halinka ne. To, na ukun ni zan riga ka."