Tantin da Inna ta wanke

A gidanmu ƙanena Anas ne ya yi boko, ni facin taya nake yi a Gwammaja. Karatun duwatsu yake a jami'a, shi ne aka ce za su tafi Riruwai su kwana a daji, damina tsaka. Ga shi da ciwon ƙirji, in ruwa ya dake shi numfashinsa sama-sama yake yi.

Na je wajen abokina Ashafa, mai yawan shiga daji, na aro tanti. Ya ce in gaya wa Anas ya sa tsohon takalmi, don sabo cizo yake, ya kuma ƙulle safa da ashana a leda. Har na juya ya ƙara da cewa, "Kar a wanke tantin nan fa. Akwai maganin da aka shafa masa mai hana ruwa shiga."

Na ajiye shi a tsakar gida, ban gaya wa kowa ba. Washegari da hantsi na leƙo daga wajen aiki, na tarar da shi a kan igiya, fes, yana ƙamshin omo.

"Inna, wa ya wanke wannan?"

"Ni mana. Ɗana zai shiga cikin mutane da abu kamar buhun gawayi? Sai da na sa burushi ma ya fita."

Na sauko da tantin daga kan igiya. Muka kafa shi ni da Anas, ya shiga ciki, na tsiyaya ruwan buta daga sama.

"Yaya, a goshina yake sauka," in ji shi. Ya yi dariya, amma ba ta kai ciki ba.

Bayan azahar motarsu za ta tashi daga Ƙofar Dawanau. Na kira Ashafa, ya ce maganin ba ya samuwa yau-yau, sai dai a rufa tampol a kai, a ɗaure shi da gangare yadda ruwa ba zai kwanta ba. Tampol ɗaya ne a gidan, wanda muka danne rufin ɗakin Inna da shi tun da ya fara yoyo bara.

Inna ta daɗe tana kallon gabas. Hadari ya fara haɗuwa.

"Hau ka sauko da shi."

"Inna, ɗakinki fa?"

"Ni ƙirjina lafiya lau. Hau, kar ka tsaya min kamar an dasa ka."

Na hau, na kawar da duwatsun da ke danne da shi, na sauko. Na nuna wa Anas ɗaurin, na raka shi mota.

Da magariba ruwa ya sauko. Muka ja gadon Inna gefe, muka jera roba da tukwane. Wayar Anas ba ta shiga.

"Ya iya ɗaurin kuwa?" in ji Inna, idonta a kan ɗigon.

"Na nuna masa."

"Sake kira."

Na sake kira.