Safiya Uku a Gindin Tsani

Shekara arba'in da shida Fernand Couderc ya yi yana rufin gidaje a yankin Aveyron na ƙasar Faransa, kuma duk wanda ya taɓa aiki a ƙarƙashinsa ya san dokar takalmi. Kowace safiya, kafin a jingina tsani, ma'aikaci zai tsaya a kan ƙafa ɗaya, ya ɗago ɗayar, ya ɗaure igiyar takalminsa ba tare da ya dafa bango ko ya jingina da komai ba, sannan ya sauya ƙafa. Wanda ya kasa, a ƙasa zai wuni ranar yana miƙa kayan aiki. Wanda ya kasa safiya uku a jere, ya gama hawa rufi ke nan har abada.

Ba Fernand ne ya ƙirƙiro dokar ba. Wurin Emilien ya gaje ta, mutumin da ya koya masa sana'ar, shi ma kuma gadonta ya yi daga nasa maigidan. Da Emilien ya kai shekara sittin da huɗu, yana aiki a ƙarƙashin yaronsa na da, wato Fernand, Fernand ɗin ne da kansa ya ƙirga masa safiya uku a gindin hasumiyar wani coci, ya ce masa ya huta haka nan. Emilien bai yi gardama ba. Ya ɗauki hularsa ya koma bakin tarin duwatsun rufi, a nan ya ƙarasa shekarunsa na aiki.

Yanzu Fernand yana da saba'in da takwas. Rufi ɗaya ne kawai ya rage masa a duniya, wato na motar kwanan da ke tsaye a tsakar gidansu, wadda shi da matarsa Josiane suke tafiya da ita gaɓar tekun Maroko duk lokacin sanyi, shekara goma sha huɗu ke nan. A kan rufin akwai farantin sola da ya manna da hannunsa shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Farantin ya mutu, ruwa kuma ya samu hanya ta ƙarƙashinsa, har tabo ya fito a silin daidai saman gadonsu. Dole a cire shi a toshe wurin. Saura kwana goma jirgin ruwansu ya tashi daga Sète, garejin garin kuma ya ce sai nan da mako uku.

Ranar Juma'a da safe ya fito da tsani da katako da siririyar wayar ƙarfe, ya tarar Josiane ta riga shi gindin motar, riƙe da tsofaffin takalmansa na aiki.

"Me zan yi da waɗannan?"

"Ka fi ni sani. Tun bara na lura ka koma takalmi marar igiya. Kana tsammanin ban gani ba?"

"Haba Josiane, mita uku ne fa. Ni da na yi aiki a kan hasumiya."

"Mita uku a kan siminti. Ni kuma bayana ba zai iya ɗaga ka ba, balle in koma wanke ka a gado. 'Yarmu Nadège tana zuwa ran Lahadi, ka bari ta hau mana."

"Nadège? Wadda ko ƙusa ba ta iya bugawa sai ta lanƙwasa?"

"To ɗaure takalminka ka hau, maigida. Dokarka ce, ba tawa ba."

Ya karɓi takalman ba don ransa ya so ba. Da hujjarta ce ta kawo, da ya ture ta. Amma mutum ba ya ture abin da ya yanke wa wasu hukunci da shi shekara arba'in. Ya zura ƙafafu, ya tsaya a kan ta hagu, ya ɗago ta dama. Bai ma kama igiyar ba tsakar gidan ta soma juyawa, ƙafar ta faɗo ƙasa tim.

"Maganin hawan jinin nan ne," in ji shi. "Shi ke sa ni jiri da safe."

"Na ji. Ɗaya."

"Doka safiya uku ta ce."

"Ai ban ce biyu ba."

Ya mayar da tsanin rumfa. Wunin ranar ya yi shi a cikin motar, yana zaune a bakin gado yana kallon tabon, wanda ya ƙara faɗi da ruwan daren jiya.

Ran Asabar ya ɓoye ƙwayar maganin a aljihu bai sha ba. Ƙafar dama ta ɗauru, ko da yake ɗaurin ya yi sako-sako. Da ya sauya, gwiwarsa ta hagu ta ƙi ɗagowa yadda hannu zai kai, ya sunkuya ya bi ta, sai ga shi yana tangaɗi har taku uku.

"Biyu," in ji Josiane. Ta miƙo masa kofin ruwa. "Fito da abin da ke aljihunka ka haɗiye. Ni na ƙirga ƙwayoyin nan kafin ka tashi."

Ya haɗiye. Ba su ƙara tayar da maganar ba. Da rana suka ci miyar kabeji da cuku, kowa yana kallon kwanonsa. Gajiyar da ke jikinsa ba irin ta aiki ba ce, wadda barci ke maganinta. Wannan da ita yake kwana, da ita yake tashi.

Safiyar Lahadi ta zo da sanyi, amma gari ya yi garau, irin ranar da mai rufi ba ya bari ta wuce shi. Ya tsaya kusa da motar. Ƙafar dama ta ɗauru. Ya huta, ya ja numfashi, ya ɗago ta hagu, ya kama igiyar. Daidai nan aka ji hon a bakin ƙofa, Josiane ta waiwaya ta ga motar Nadège. A cikin wannan waiwayen jikinsa ya karkata, gwiwar hannunsa ta dafa jikin motar kwanan, daɗewar ƙiftawar ido, ya dawo daidai. Da Josiane ta juyo, ya gama ɗauri, ƙafarsa tana sama.

Ta daɗe tana duban takalmin.

"To," in ji ta, muryarta ta yi ƙasa. "Ka ci. Hau abinka. Bari in riƙe maka tsanin."

Nadège ta shigo da kwalin kek a hannu. Mace ce mai shekara arba'in da tara, 'yarsu tilo.

"Me nake gani haka? Mama, ke ce ma mai riƙe masa?"

"Ya ɗaure takalminsa. Ni na gaji, 'yar nan. Kwana uku muna abu ɗaya."

Fernand ya sa ƙafa a matakin farko, ya hau na biyu, ya hau na uku. Daga nan yana hango gefen farantin da farin gam ɗin da ya zuba masa da kansa, har yanzu layinsa a miƙe kamar an ja da zare. Ya san aikin tun daga farkonsa har ƙarshe, hannuwansa ma sun sani. Ba kuwa wanda ya ga abin da ya faru. Sai dai ya tuna cewa a duk shekarun nan bai taɓa tsayawa gadin kowa da safe ba, in ban da Emilien. Kowane ma'aikaci shi ke faɗin gaskiyar ƙafarsa, kuma saboda haka ne bai taɓa kai gawar kowa gida ba. Ya dubi ƙasa, ya ga hannuwan Josiane a jikin tsanin, yatsunta sun kumbura da sanyin ƙashi.

Ya sauko mataki-mataki.

"Na dafa motar," in ji shi.

"Yaushe?"

"Da kika waiwaya. Da gwiwar hannu. Uku ke nan."

Josiane ta saki tsanin, ta shiga ciki ta ɗauko masa kujera. Bai zauna ba. Ya juya wurin 'yarsa.

"Ajiye kek ɗin nan. Wane takalmi ne a ƙafarki?"

"Baba, da gaske kake? Ni ma sai na yi?"

"Kowa sai ya yi."

Ta kwance igiyoyin, ta tsaya a ƙafa ɗaya ta ɗaure, ta sauya ta ɗaure, tana ta mita. Bai yaba ba, bai kushe ba. Ya miƙa mata tsohon bargo.

"Wannan za ki fara shimfiɗawa a kan farantin. Ko ya mutu, in rana na dukansa wutar lantarkinsa tana iya cizo. Ni zan cire waya daga batir. Kada ki taka rufin nan, ba shi da ƙwari, a kan katako za ki durƙusa. Gam ɗin kuma ba a ɓamɓare shi da ƙarfi. Ki zura wayar nan ta ƙarƙashi, ki riƙa ja hagu da dama kamar mai zarto."

"Wa ya manna abin nan haka, don Allah?" ta ce daga sama, bayan ta yi rabin awa tana ja. "Kamar wanda zai kai shi lahira."

"Wanda ya iya aiki. Ja a hankali, kina kankare mini fenti, ina ji."

"Daga nan ƙasa kake ji?"

"Ubanki kurma ne in ni ke magana," in ji Josiane daga ƙofar kicin. "Amma fenti yana ji."

Sai wajen sha biyu da rabi ƙafa ta ƙarshe da ke manne da farantin a rufin ta saki. Nadège ta zuro shi a hankali, shi da Josiane suka tare, suka jingina shi da bangon rumfa. Ya fi yadda ya tuna nauyi. Sai a lokacin ya nemi kujerar ya zauna.

"Baba, ga inda ruwan yake shiga," in ji Nadège. "Akwai tsaga kusa da ramin waya. Ya zan yi da ita?"

Ya ɗaga kai. Daga inda yake babu abin da yake gani sai gefen rufin da tafin takalminta. Ya sauke kai, ya dafa gwiwoyinsa.

"Tsawonta ya kai yatsa?"

"Ya ɗan fi."

"Danna gefenta da babban yatsanki. Yana lotsawa, ko da tauri? Kada ki yi sauri. Faɗa mini daidai yadda kika ji shi."