Kififiyar Kawu

Apisai ya kashe injin kwalekwale daidai sandar da aka ɗaura wa ganyen kwakwa, alamar daga nan an hana kamun kifi. Baƙinsa, malaman makaranta mata biyu daga birnin Suva, suka leƙa ruwa suna kallon murjani, ja da shuɗi, kifi na kai-komo a tsakani.

Sai wani kai ya ɓullo gefen jirgin. Sakiusa ne, ɗan ƙanwarsa da ke aure a tsallake, rungume da ƙatuwar kififiya. Ga ƙaramin jirginsa can ɗaure da sandar hanin kanta.

"Kawu! Kama mini, ta fi ƙarfina."

Apisai ya dubi sandar. Shi gari ya naɗa mai gadin wurin nan, shi ya ƙwace tarun ɗan dagaci bara. Amma a al'adarsu ɗan 'yar'uwa ba a hana shi abu a garin kawunsa. Alade ne, tabarma ce, in ya ɗora hannu ya zama nasa. Sau nawa ya tambayi dattawa yadda za a yi in hakan ta taso? Kullum sai su tafa, su miƙo masa ƙoƙon yaqona, abin shansu na gargajiya, su ce sai wani zama.

"Kai, ba ka ga sandar ba?" in ji Apisai.

"Na gani. Ruwan kawunnaina ne ko ba nasu ba?"

"Nasu ne."

"To?"

"Ba ka ce ana cin tarar mai kamu a nan ba?" in ji ɗaya malamar.

Kan Apisai ya ɗaure. In kififiyar nan ta hau tudu, kafin Lahadi duk wanda uwarsa 'yar garin ce zai iso da mashi. In kuma ya hana, ƙanwarsa ba za ta ƙara ɗaga kai a garin mijinta ba.

"Sake ta," ya ce. "Ɗauki wani abin nawa. Kome."

Idon Sakiusa ya bi jirgin, ya tsaya kan inji. "Kome, Kawu?"

"Ɗan banza."

Kififiyar ta nutse tsakanin murjani. Sakiusa ya hawo, ya kwance inji yana fito, ya yi godiya har da durƙuso.

Sun yi nisa da tuƙin hannu malamar ta ce, "Ban gane ba. Wa aka ci tara?"

Apisai ya miƙa mata ɗaya filafilin.

"Tuƙa ta wancan gefen, Malama. Ruwa na janyewa."