Bana Babu Kambi

Ƙaramar jaka ɗaya ce take shiga but ɗin Jar Tsohuwa, ita ma sai an danna. A safiyar Asabar ɗin nan ta ƙarshen Satumba na riga mijina Pirmin fita gareji, na cusa jakata, na rufe but ɗin a hankali kamar ɓarauniya. Na gama yanke shawara. Idan muka je muka dawo bai ce mini komai ba a kan abin da ya same mu, zan ce ya sauke ni a tashar jirgin ƙasa, in tafi wajen yayata a birnin Ulm. Ban sa wa kaina ranar dawowa ba.

Jar Tsohuwa motar tsere ce mai kujera biyu, samanta a buɗe, ga ta ƙasa-ƙasa har kana iya shafa kwalta da yatsa. Ta girme mu duka. A cikinta Pirmin ya fara zuwa zance wurina, a cikinta na fara yi masa kuka, a cikinta muka bar ƙofar coci ranar aurenmu, mayafina yana tashi a baya kamar tuta.

A watan Afrilu likita ta ce ina da ciki. Ranar ko abinci Pirmin bai tsaya ci ba, ya zauna ya sa tallan motar a intanet. Ya rubuta: ta sayarwa ce, za mu samu ƙaruwa. Na ce masa ya yi tunani tukuna, ya yi dariya ya ce, “To ina za mu sa jaririn, Afra? A but?”

A watan Yuli cikin ya zube. Mace ce.

Ba zan yi masa ƙarya ba, ya kula da ni. Ya yi girki, ya yi wanki, ya riƙa tashi yana ja mini bargo. Amma bakinsa ya mutu. Ko sau ɗaya bai ambace ta ba. Wayarsa ta yi ƙara, sai ya fita tsakar gida ya amsa, ya dawo fuskarsa a rufe kamar ƙofar da aka sa wa sakata. Motar kuma tana nan ƙarƙashin tamfol, ba a sayar ba. Sai wani mugun tunani ya yi sheƙa a zuciyata: shi dai ai bai yi asarar komai ba, ga motarsa nan.

“Mu ɗan zagaya da ita kafin dusar ƙanƙara ta rufe hanyoyin sama,” ya ce mini daren Juma'a, yana kallon faranti. Na ce to.

Ban taɓa ganin kaka mai kyau irin ta bana ba, abin har ya ba ni haushi. Raɓa tana tashi daga makiyaya kamar tururin tukunya. Itatuwan gefen hanya sun kama da wuta, wasu ja, wasu ruwan zuma, can samansu kuma kawunan duwatsu sun riga sun ɗan yi furfura. A ƙofar gidajen gona an jibge tuffa a akwatuna, ƙamshinta yana shigo mana tare da hayaƙin itace. Jar Tsohuwa tana gurnani a kowace kwana, tana laƙe hanya tamkar ba ta yi watanni a kwance ba. Wani ganye ya faɗo a cinyata, na riƙe shi ban san dalili ba.

“Kina jin sanyi?”

“A'a.”

“In rufe saman?”

“Bar shi.”

Hirar da muka yi ke nan tun daga gida har muka shiga kwarin su mahaifiyata. Da can a wannan hanyar waƙa muke yi, shi yana ɓata ta da gangan, ni ina dukansa da hula.

Mun wuce gadar katako ke nan wani ɗan kwana-kwana na ƙauye ya ɗaga mana hannu, ya nuna mu gangara gefe. Kafin in tambaya, sai na ji. Daga nesa kamar tsawa ce take mirginowa, sannan ta rarrabu ta zama ƙararrawa, manya, masu sa ƙirji ya yi rawa. Ashe yau shanu suke saukowa daga dutse. Ni da tun ina goye ban taɓa ƙetare wannan rana ba, bana ta shafe mini sarai.

“Garken Kawu Remig ne,” na ce.

Kawu Remig wan mahaifiyata ne. Tun watan Yuni ya hau da shanun mutane can inda waya ba ta kamawa, mu kuma ba mu aika masa da labari ba. Rabona da shi tun ranar da zai hau, da ya nuna cikina da sandarsa ya ce in ajiye masa abokin kiwo.

Jama'a sun cika gefen hanya, yara a kafaɗun iyayensu. Kowa wuyansa a miƙe yake, don abu ɗaya ake fara dubawa: saniyar gaba. In garke ya dawo cif, ana ɗora mata kambin furanni da rassa, da ɗan madubi a tsakiya. In ko guda ta salwanta a sama, haka ake saukowa babu kambi.

Ta ɓullo daga kwana, ƙatuwa, ruwan toka, tana taku kamar sarauniya. Kanta babu komai. Hayaniyar mutane ta ɗan lafa.

Kawu yana gefenta da farin gemunsa da wandon fata, ya rame, ya yi baƙi. Da ya hango jar motar sai ya miƙa wa wani makiyayin igiya, ya nufo mu yana kaɗa sanda.

“Kai, mai bahon wanka! Har yanzu kana yawo da 'yata a cikin wannan akwatin ashanar? Ba ka ce za ka sayar ba?”

“Sannu da sauka, Kawu,” in ji Pirmin.

“Sannu me? Ka matsar da ita kafin wata saniya ta ɗauka kwanon sha ne. Ke kuma 'yar nan, ya aka yi kika shiga ciki da wannan tulu naki? Da cokali aka zuba—”

Ya riga ya jingina da ƙofata, hannunsa guda a aljihu yana ƙoƙarin ciro wani abu. Idonsa ya sauka a kan bel ɗin kujera da ya kwanta lafiya lau a kan cikina. Ya dube ni, ya dubi Pirmin. A hankali ya mayar da hannun cikin aljihu, ya cire hularsa da ɗayan.

Shanu suna ta wucewa ta bayansa, ƙararrawa kamar za ta tsaga kwarin.

“Ashe ku ma bana babu kambi,” ya ce.

Wata biyu mutane suna zagaye maganar kamar rijiya. Wasu su ce ai mu yara ne, wasu su kawo kek su yi ta zancen yanayi. Wannan tsohon, mai warin hayaƙi da cuku, shi ya fara faɗarta a gabanmu mu biyu. Hawaye suka ɓalle mini.

“Ni karsana na rasa,” ya ce, yana juya hular. “Tsawa ta firgita su a watan Agusta, ta zame a bakin rami. Har jiya ina ƙirga su, in ga babu guda, in sake ƙirgawa kamar wawa. Ba na haɗa ta da taku, Allah ya kiyaye.” Ya ja hanci. “Amma dole a sauko. Sanyi na tafe. A sauko ta tsakiyar gari, kowa ya gani.”

Ya juya zai tafi. Sai na ji muryar Pirmin.

“Kawu. Abin da ke aljihunka. Ba ni.”

“Bar shi, ɗana. Shirme ne.”

“Nata ne ai. Ba ni.”

Nata. Na juya na kalli mijina kamar yau na fara ganinsa. Kawu ya ciro wata 'yar saniya ta itace, ba ta fi tafin hannu ba, ya sassaƙa ta da wuƙa, ya goge ta sumul don kada ta soki bakin jariri. Ya ajiye ta a hannun Pirmin, ya dafa kaina, ya bi garkensa yana yi wa wata saniya tsawa fiye da yadda laifinta ya kai.

A daidai nan wayar Pirmin ta yi ƙara. Ya kai hannu ga ƙofa kamar yadda ya saba. Na riƙe masa riga.

“Amsa a nan.”

“Afra, don Allah.”

“A nan. In ji.”

Ya danna, murya ta fito fili. Wani mutum ne mai fara'a, da karin harshen mutanen arewacin ƙasarmu.

“Ina kira ne a kan jar motar. Amma tukuna, barka da ƙaruwa! Ni ma haka na rabu da tawa, yanzu ga ni da jikoki ina neman wata. Namiji ne ko mace?”

Pirmin ya rufe ido. “Mace ce,” ya ce. “Na gode.”

Yadda ya faɗe ta, na san ba yau ya fara ba. Na karɓe wayar daga hannunsa.

“Bawan Allah, ka yi haƙuri,” na ce. “Yarinyar ba ta zo ba. Motar kuma ba ta sayarwa ba ce bana.”

Mutumin ya yi mana ta'aziyya da wani irin ladabi, ya kashe.

“Ba ka cire tallan ba,” na ce.

“Na kasa.” Yana murza 'yar saniyar da babban yatsa. “Kullum sai in buɗe zan goge, sai in ga abin da na rubuta. A nan ne kaɗai har yanzu take tafe. Su kira, su yi mini barka, in ce na gode, in ce an riga an yi cinikin motar. Minti ɗaya ina uba. Sannan in shigo gida in gan ki, in ji kunya ta kama ni. Ke kika sha wahalar. Ni wane ne da zan zo ina miki kuka?”

“Kai ubanta ne, sakarai.”

Ya kifa kansa a kan sitiyari. Hon ya ɗan yi ƙara, wata saniya ta juyo ta harare mu, ɗan kwana-kwanan ya ɗaga mana yatsa. Muka fashe da dariya muna kuka, ban san wanne ya fi yawa ba. Na rungumo kansa, gashinsa yana warin iska da man inji, irin warin da na aura.

“Ni Mena nake kiranta a raina,” ya ce cikin wuyana.

“Mena,” na ce. Sunan ya zauna a bakina daram.

Da garken ya gama wucewa, aka buɗe hanya. Pirmin ya share fuska da hannun riga, bai tada motar ba.

“Na ga jakarki a but,” ya ce. “Na je sa bargo. In tasha kike so, zan kai ki. Amma ki sani, tafiyar hawainiya zan yi.”

Na ɗora 'yar saniyar a gaban gilashi, na tokare ta da ganyen da na riƙo tun safe.

“Akwai rigar sanyi a saman jakar,” na ce. “Ciro mini. Ɗazu ƙarya na yi maka, sanyi nake ji.”

Ya fita da sauri har yana tuntuɓe. Muka bi bayan shanun zuwa cikin gari, Jar Tsohuwa tana rarrafe a giya ta ɗaya, tayoyinta suna dagwalgwala kashin shanu, yara suna wuce mu da ƙafa suna yi mana dariya. A mararraba, inda allo ya nuna hanyar tasha ta hagu, ya dube ni. Na ɗora hannuna a kan nasa, muka miƙe inda ƙararrawa take.