Bahon da Bango Ya Ƙi Riƙewa

Jiya da dare na yi wani mafarki. Abin da na fara lura da shi, silifas ɗin Inna ne manne a rufin banɗaki, a jere, kamar yanzu ta cire su.

A garin nan ruwan sama daga ƙasa yake tsirowa ya nufi sama, ya tafi da duk abin da ba a kafe ba. Inna kuwa tana zaune cikin sabon bahon wankan da muka saya mata saboda ciwon gwiwa, da mayafinta, tana tsince shinkafa. Bahon ya riga ya bar ƙasa. Ni ce ke riƙe da bakinsa.

Malam Tsalha mai aikin famfo ya buga ƙusa a bango, ƙusar ta koma aljihunsa. Ya shafa siminti, simintin ya yi mana sallama ya fita. Sai ya aika ofishin bangaye, aka turo wata akuya mai tabarau.

Akuyar ta shinshina tayil ɗin jikin bango, ta ce aiki ya yi kyau, amma a ƙa'ida bango ba ya riƙe baho sai wadda ke ciki ta kira sunan wadda ke tallafe da shi.

Ni 'yar fari ce. Tun da aka haife ni, alkunya ba ta taɓa barin Inna ta kira sunana ba. Na so in yi wa akuyar bayani, don mun ma karanta wannan a jami'a, amma muryata ta shige bututu.

"Hajiya, faɗa mana," in ji Malam Tsalha. "Ana jirana a wani gidan."

Inna ta dubi bango. "Ke," ta ce.

Akuyar ta ce ba ta san mai wannan suna ba.

"To, yayar su Mudassir," in ji Inna.

Sai ga mu a kan bishiyar mangwaron tsakar gida, ƙafafuna suna lilo, shinkafa tana zubewa sama. Yatsuna suka fara zamewa. Inna ta leƙo ta bakin baho, ta dube ni sosai, abin da ba ta saba yi ba. Ta buɗe baki.

Ƙarar guduma ce ta tashe ni. Malam Tsalha ya fara aiki a banɗaki.

Inna tana tsaye a bakin ƙofata da kofin koko wanda har ya daina tururi. Tashina ta zo yi. Ta ajiye kofin a ƙasa, ta juya ta tafi.