Makullin Tirelar Isah

Shekara ashirin da shida Mahmudu ya yi yana faci a Magama, ƙarƙashin wata bishiyar bedi da ke gefen titi in ka doshi shingen kwastan daga Jibiya. Ba shi da shago. Rumfar kwano ce da benci, da rabin gangar ruwa da yake tsoma tif don gano huji, sai injin iska da ya saya tun yana da ƙarfin mirgina tayar tirela shi kaɗai. Direbobin hanyar Maraɗi duk sun san shi, kodayake da yawansu ba su san sunansa ba. Baba Mai Faci suke ce masa.

Ya ga rufe boda iri-iri, ta kwana uku lokacin zaɓe da wadda ta haura shekara. Don haka da aka ce sojoji sun karɓi mulki a Yamai, aka kuma tare hanya ana tsakiyar damina, bai ɗauki abin da zafi ba. Ya ce wa matarsa Suwaiba, "Wannan faɗan 'yan uwa ne, sati biyu su gama fushinsu."

Sati biyu suka wuce, wata ya cika. Manyan motoci suka jeru tun daga shinge har inda ido ya gaza. Mota ta fi ɗari a gabansa, amma babu aiki, domin motar da ke tsaye ba ta yin faci. Yakan zo da safe ya share gindin bedin, ya jera sifanu, ya zauna har la'asar bai tayar da injin ba. Ga fetur ya yi tsadar da ko an kawo aikin ma sai ya yi tunani kafin ya ja igiya. Gonarsu ta gado da ke Bugaje kuwa shekara uku ke nan ba wanda ya kai mata fartanya, saboda 'yan bindiga.

Ƙanen Suwaiba, Nagoggo, ɗan acaɓa ne, kuma shi rufewar ta yi masa rana, don mutane sun koma bin hanyoyin daji a kan babura. Wata rana ya tsaya a rumfar ya ce, "Yaya, kai kaɗai ka rage kana gadin kwalta. Can cikin daji ƙaya ke cin tayoyinmu, ba mai faci ko ɗaya. Ɗauko famfon hannu in kai ka."

Mahmudu ya bi shi. Kwana uku yana dawowa da cefane mai kyau. A rana ta huɗu da hantsi aka ji harbi daga yamma. Ba wanda ya tsaya tambayar ko su wane ne, kowa ya hau babur ya tsere, Nagoggo kuma ya riga ya yi gaba da fasinja. Mahmudu ya tsuguna bayan wata kalgo rungume da famfonsa, gwiwarsa mai ciwo tana zogi, har wurin ya yi tsit. Da ƙafa ya dawo gida. Suwaiba ta dube shi, ta dubi ƙayar da ke jikin wandonsa. Ta karɓi famfon ta tura shi ƙarƙashin gado.

Zaman banza ne ya sa shi fara bin layin motocin. Yana tafe yana ƙwanƙwasa tayoyi da guntun ƙarfe, don kunnensa ya saba, daga ƙarar yake gane mai iska da wadda ta fara saki. A haka ya iso ga wata jar tirela da aka lulluɓe da tamfol, tayoyinta na baya sun fara bajewa a ƙasa.

"Baba, mi kake biɗa?" in ji wani daga ƙarƙashin motar, inda ya shimfiɗa tabarma.

Siririn mutum ne da bai wuce shekara talatin da biyar ba. Sunansa Isah, mutumin Madarumfa ne a Nijar, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba in hanya na buɗe. Tayil na daɓen ɗaki ya ɗauko daga Kano zai kai Maraɗi. Wasu direbobin sun juya da kayansu, amma shi mai motar ya ce kada ya motsa, tunda takardun fita sun kammala.

Mahmudu ya ce, "Ba abin da nake nema. Amma nauyin nan in ya ƙara wata biyu a kan wuri ɗaya, ranar da aka buɗe hanya ba za ka kai garin Ɗan Isa ba sai sun fashe. Ga rana na cin gefensu."

"To ya zan yi, Baba? Ni kuɗin abinci ma da ƙyar ake aiko mani."

"Wa ya yi maka zancen kuɗi? Tashi ka kama mani."

Kwana uku suka yi suna aikin. Mahmudu ya samo kututturan itace, suka riƙa ɗaga motar da jak kaɗan-kaɗan suna tokare ta, har nauyin ya bar kan tayoyin. Suka rufe su da tsofaffin buhuna. Ran nan ya koma gida jikinsa na ciwo, ya ci tuwo da yawa, har Suwaiba ta tambaye shi ko an buɗe boda ne.

Sauran direbobi suka gani, suka fara kiransa. Wani ya ba da ɗan abin da ya samu, wani kwanon shinkafa. Masu albasa, da suka ga tana ruɓewa a kan mota, sai su cika masa buhu. Suwaiba ta ce ko ruwan randa warin albasa yake yi. Ba wani abin kirki ake samu ba, amma tukunya ba ta daina hawa murhu ba, shi kuma ya samu dalilin fitowa da safe.

Isah ya mayar da rumfar wurin zamansa. Yakan kawo butar shayinsa su yi ta hira, yawanci a kan mahaifinsa, wanda ya ce ya haura saba'in amma bai yarda kowa ya riga shi shiga gona ba.

Ana gab da girbin gero, wata safiya Mahmudu ya tarar da shi tsaye a bakin rumfa da jaka a kafaɗa.

"Baba, tsoho ya faɗi a gona jiya. Sun ce ɓarin jikinshi ya mutu. Na kira mai mota bai ɗauka ba." Ya miƙo makulli. "Kwana uku in sha Allahu. Dare akwai masu gadi, rana ce nike tsoro."

Mahmudu bai miƙa hannu nan take ba. Bai taɓa riƙe abin da ya kai wannan daraja ba, kuma in wani abu ya ɓace, shi za a fara nunawa. Amma ya dubi idanun Isah, ya karɓa.

"Je ka, Allah ya ba shi lafiya. Bari in kira Nagoggo, ya san hanyar da ta fi lafiya."

Kafin ya tafi, Isah ya nuna masa yadda zai riƙa tayar da motar duk sati don kada batir ya mutu.

Kwana uku suka zama sati uku, wayar Isah ba ta shiga. Duk Alhamis Mahmudu yakan kama ƙarfen ƙofa ya hau da ƙyar, ya murɗa makulli ya bar injin yana ruri. Duk shekarun nan a ƙarƙashin motoci yake kwanciya, bai taɓa zama a kujerar direba ba. Daga can sama ana hango bayan shinge sosai. Gonaki ne irin na nan, an ɗaure dammunan gero, mata na wucewa da itace a ka. Yakan daɗe yana kallo, yana tunanin ko tsohon na da rai.

A cikin wannan tsakanin ne wani mutum mai farar shadda ya tsaya da mota a gefen rumfar. Ya yi gaisuwa mai kyau, ya zauna a benci, sannan ya rage murya.

"Baba, na ji makullin jar motar can na hannunka. Taya shida na baya sababbi ne. In kawo maka shida masu ɗan sauran rai ka musanya, kai ne mai faci, ba wanda zai tambaye ka. Mota ta yi watanni a tsaye, wa zai ce ga yadda direba ya bar ta?"

Ya faɗi abin da zai bayar. A makon nan motoci sun ragu, aikin tokara ya ƙare, miyar kuka ba mai ake ci a gidan Mahmudu. Ya yi shiru yana kallon ƙasa. Can ya ce, "Ba nawa ba ne, Alhaji. Allah ya kiyaye hanya."

Mutumin ya tafi ba tare da gardama ba. Amma abin ya tsaya wa Mahmudu a rai har ya kasa cin abincin rana. Da ya koma gida ya gaya wa Suwaiba.

"Ba maganarshi ta dame ni ba," ya ce. "Shirun da na yi kafin in ba shi amsa. Wallahi sai da na hango buhun masara a tsakar gidan nan."

Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Malam, yunwa ce ta yi shirun. Da ka buɗe baki ai kai ka yi magana. Wanke hannu ka ci abinci."

Sai bayan sati biyar Isah ya kira da wata lamba. Tsohon ya rasu, an yi bakwai. Shi ne babba, ga mahaifiyarsa, ga ƙanne mata, ga gero a gona ba a kai rumbu ba.

"Baba, ba ni dawowa tuƙi. Na faɗa wa mai mota komi, na ce motar na hannun mutumen da ya fi ni kula da ita. Ya ce ka riƙe har a buɗe."

Mahmudu ya yi masa ta'aziyya, suka yi sallama. Ya zauna da wayar a hannu. Ya ji nauyin rasuwar mutumin da bai taɓa gani ba, ya kuma gane cewa duk kwanakin nan ba don motar kaɗai yake duban hanya ba.

Haka ya ci gaba har wata biyar. Ya koma facin babura da kekuna da amalanken 'yan ga-ruwa, aikin da a da yake turawa gaba. Suwaiba ta fito masa da famfon bisa sharaɗin ba zai wuce gindin bedi da shi ba. Ita ma ta fara dafa dambu tana ba maƙwabciya ta sayar mata a tasha.

Cikin azumi aka buɗe boda, wannan ɓangaren da farko, can ɓangaren bayan kwanaki. Sabon direba ya zo, wani Sadiq, mai gaggawa. Mahmudu bai ba shi makulli ba sai da ya kira Isah ya ji daga bakinsa. Suka sauke motar daga kan kututturan a cikin zafin rana, baki a bushe. Ya tayar da injin iska ya bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya. Guda ɗaya ce kawai ta tsage, ya sa aka sauya ta da safaya, Sadiq na ta duba agogo.

"Baba, sauri nike, layi na tafiya."

"Wata bakwai tana jira. Ta ƙara rabin awa."

Sadiq ya ba shi ambulan daga mai motar, ya hau ya ja. Mahmudu ya tsaya har ta wuce shinge. Inda ta tashi ciyawa ta bushe, ga gurbin kututturan a ƙasa. Bai samu damar tsayawa kallo ba, don tuni wata motar ta tsaya ana kiran mai faci.

Kwana goma aiki bai bar shi ya zauna ba. A rana ta goma sha ɗaya ya ce wa Suwaiba bayan salla zai je Madarumfa ya yi gaisuwa.

Ta ce, "Da aka ce sati biyu, wata nawa aka yi? Hanya na buɗe yau. Ka tafi gobe."

Ta ɗaure masa kuka da daddawa da sabulu a leda. Ya kulle injin da sarƙa, ya shiga motar haya, ya ƙarasa da acaɓa.

Ya iske Isah a ƙofar gida yana gyaran danga, ya yi baƙi ya rame. Da ya ga mai saukowa daga babur sai ya saki igiyar ya taho da gudu, ya durƙusa. Aka kai Mahmudu wurin tsohuwar, ya zauna daga bakin ƙofa ya yi addu'a, ta yi ta sa masa albarka. Ta ce kullum sai Isah ya yi zancensa, har ta ɗauka wani ƙaton mutum ne.

Bayan la'asar suna zaune a inuwa suna jiran shan ruwa, Isah ya yi ta sosa ƙeya. Can ya ce, "Baba, kunya nike ji. Amalanken shanunmu tun girbi tayar hagu ke sacewa, ga kai taki gona ya matso. Mai facin garin ga sau biyu yana yi tana komawa."

Mahmudu ya yi dariya har da tari. Ya cire hularsa ya ajiye a kan tabarma, ya naɗe hannun riga.

"Ban zo da kayan aiki ba. Nemo mani ƙarfe mai faɗin baki, ka turo ta nan inda haske yake."