Dutsen Taimamar Baba

Tun da ƙanena Muntaka ya dawo daga ci-rani a Kano, dutse bai sake samun zaman lafiya a Matameye ba. Kafinta ne, amma can ya koyo sabon salo: ya fafe katako, ya yanka duwatsu masu launi fale-fale, ya dasa su a fuskar tebur, ya goge, ya malala man ƙyalli. Aikin yana da kyau, ba zan yi masa ƙarya ba. Sai dai idonsa ya lalace. Ko magana kake yi masa, ƙasa yake kallo yana neman tsakuwa.

Babanmu ya makance, ciwo kuma ya kwantar da shi, ruwa yana tayar masa da shi, don haka taimama yake yi. Dutsen da yake yi da shi na marigayiya Inna ne, daga garinsu ta zo da shi, wajen Dungu. Baƙi ne sumul, da farar jijiya ta ratsa shi, da ɗan gurbi a gefe inda babban yatsa ke zama. Da shi ta yi sallolinta na ƙarshe. Baba ba mai yawan magana ba ne, bai taɓa cewa yana kewarta ba, amma na sha ganinsa ya gama taimama hannunsa yana nan a kan dutsen.

Ranar Talata da azahar ya laluba gefen katifa bai ji shi ba. Na birkice ɗakin, na zazzage buhuna, har kaji na zarga. Sai zuciyata ta ba ni. Ko mayafi ban gyara ba na nufi shagon Muntaka.

Ga tebur a tsakar shago yana walƙiya, jajayen duwatsu da farare sun yi masa da'ira. A tsakiya kuwa baƙi, an yanka shi, an jera kamar furen kabewa, farar jijiyar nan ta ratsa kowane yanki. Na juya kan Muntaka.

"Muntaka, don ubanka, mene ne wannan?"

"Yaya, ubanmu ɗaya fa," ya ce, har da 'yar dariya. "Na wani otel ne a Damagaram. Na rasa baƙi mai jijiya, sai na tuna da shi. Da aka kawo wutar kuran da safen nan na yanka."

"Na Inna ne!"

"Haba Yaya, dutse ai dutse ne. Tambayi kowane malami, taimama ta halatta da kowanne. Ga wani ma na wanke masa."

Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, a hukunci bai yi kuskure ba. Na zage shi tas, masu ɗinki na maƙwabta suka fito kallo, ban damu ba. Na ce masa mahaifiyarsa ya yanka don baƙi su ɗora kofin shayi. Nan dariyar ta ɗauke.

Na kai wa Baba sabon dutsen ban ce komai ba, wai ko zai wuce. Ya juya shi sau ɗaya a tafinsa, ya ajiye.

"Rukayya, ina nawa?"

Na gaya masa. Da gangan ban sassauta ko kalma ba, ina so ya kira yaron nan ya ci masa mutunci. Sai kawai ya ce a kawo masa teburin.

Muntaka ya ɗauko shi a amalanke, muka karkata shi ta ƙofa da ƙyar, ƙafarsa ɗaya ta kankaro bango. Ya durƙusa yana ta zuba, wai ai ya adana shi ne, wai yanzu ko shekara ɗari ba abin da zai same shi, kuma ya fasa sayarwa, na Baba ne. Ya kama hannun tsoho ya ɗora a tsakiyar.

Baba ya shafa a hankali, daga wannan gefe zuwa wancan, babban yatsansa yana nema. Man ƙyallin ya shafe komai, katako da dutse duk santsi ɗaya. Ya sake bi, ya sake. Ni dai ina tsaye, ji nake kamar in ɗauko taɓarya in raba teburin biyu.

"Nan ne, Baba," in ji Muntaka, muryarsa ta sirance. "Nan daidai hannunka."

Baba ya janye hannunsa. Ya mirgina ya buga tafukansa a jikin bangon ƙasa, ya shafi fuska, ya sake bugawa ya shafi hannuwa.

"Ku fitar da shi," ya ce. "Ya tare mini alƙibla."